Roba Biyu a Gindin Lemo

Har yau in na ji warin asibiti, ko a jikin mayafin wata ne cikin mota, sai in kau da kai. Wata huɗu ke nan da aka yi mini aiki, hannuna na dama bai gama yarda ya miƙe sama ba, kuma ina yawan kai yatsu wurin ɗinkin ba tare da na sani ba. Amma nonona yana nan. Saura kaɗan in rasa shi, ba don ciwon ya ci shi ba, sai don wani abu da ya faru a cikin gidanmu, tsakanin mutum biyu da duk duniya ba su da wanda suke so kamata.

Ƙauyenmu yana bakin kogi, gaba kaɗan da garin Suki. Shekarata ashirin da takwas, ina da 'ya ɗaya. Bayan na yaye ta ne na ji ɗan ƙullutu a nonon dama, na ɗauka ruwan nono ne ya daskare. Aka yi ta gashi da ruwan zafi, bai narke ba. Daga Suki aka tura ni asibitin Sinnar, aka soka allura aka ɗebi kaɗan aka duba, aka ce ciwon daji ne. Ranar ban yi kuka ba. Ina ta kallon takalman likitan ne, ina mamakin yadda babu ƙura a jikinsu.

Kafin aikin likitan ya zaunar da ni da maigidana ya ce, "Ba zan cire nonon duka ba. Ƙullutun zan cire, da ɗan nama mai lafiya kewaye da shi, sai in ɗebi kaluluwar da ke hammata. Za a kai su ma'amal a Madani, wato ɗakin da ake duba nama a ƙarƙashin madubi. In bakin naman ya fito fes, ni da ke mun gama. In an ga ciwon ya kai baki, za mu koma ciki, kuma mai yiwuwa mu cire duka. Maganin da za ki sha bayan nan ma, daga wannan naman za a san shi. Shi ne zai yi mana magana."

Ranar Alhamis aka yi aikin. Ina cikin magagi aka miƙa wa maigidana roba biyu, babba kamar ta alawar ɗahaniya da wata 'yar ƙarama, an cika su da wani ruwa mai hana nama ruɓewa, an naɗe murafun da filasta, an rubuta sunana a kai. A wurinmu haka ake yi, dangin mara lafiya su ke kai abinsu da ƙafarsu. Aka ce masa ma'amal ɗin ba ya karɓa Juma'a da Asabar, ya kai Lahadi da sassafe, kada ya bar su a rana. Inna, mahaifiyata, ta zauna tare da ni a asibiti. Shi kuma ya koma gida da yamma saboda an ba hawasharmu, gonarmu ta auduga, ruwa a ranar, kuma gona in ruwanta ya wuce ta sai wani zagaye. Ya ɗora ledar robobin a saman dolab, kabad ɗin da muke ajiye kofunan baƙi.

A gidan akwai Habuba, kakata ta wajen uwa, wadda ta zo riƙon yarinya. Habuba ta yi shekara fiye da arba'in tana karɓar haihuwa. Rabin mutanen ƙauyenmu a hannunta suka fara kuka, kuma ita ta binne mabiyiyar kowannensu. Maƙwabtanmu Larabawa wasunsu kogi suke kai tasu, amma Habuba tana cewa duk abin da ya fito daga jikin ɗan Adam ɗan Adam ne, ko haƙori ne, ko gashi, ko farce, ba a barin shi a sarari. Ina yarinya in ta tsefe mini kai, sai ta tattara gashin da ya zube ta dunƙule ta tona rami.

Ta ga ledar ta tambaye shi, "Mi ne ne wanga?"

Maigidana mutum ne mai kunyar da ta wuce misali. Shekara biyar da aurenmu bai taɓa kiran sunana a gaban manyana ba. Ya duƙar da kai ya ce, "Abin da aka cire mata ne, Habuba." Ya ɗauki fartanyarsa ya fita. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar Asabar aka sallame ni. Lahadi da safe ina kwance a kan angarib, gadon igiya, a rakuba, inuwar karan da ke tsakar gida, na ji maigidana yana motsa kofuna a ɗaki. Sai na ji ya jawo kujera. Sai na ji shiru. Ya fito hannunsa babu komai, fuskarsa kamar an shafa mata toka.

"Inna, ko kun ga leda baƙa a saman dolab?"

Inna ba ta gani ba. Aka duba ƙarƙashin gadaje, aka duba bayan randa. Na tambaya ina Habuba, Inna ta ce ta tafi bakin kogi tun da safe. Tana faɗa ta tsaya, muka kalli juna. Na san Habuba tana da 'yar fadamar kuɓewa a can, na san ba ta taɓa kai abin jikin mutum ruwa ba, amma hankalina bai tsaya kan wannan ba. Abin da nake gani kawai roba biyu ne suna tafiya a kan ruwa, sun nufi Sinnar, sunana a jikinsu.

Kafin maigidana ya kai ƙofa sai ga ta ta shigo, ƙwarya cike da kuɓewa a kanta.

Na ce, "Habuba, ledar da ke saman dolab fa?"

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ce, "Na gyara ta."

"Kin gyara ta yaya?"

"Yadda aka gyara ɗan Adam mana. So kuke naman jikata shi kwana uku cikin kofuna, ɓeraye na sansana tai? Na bizne shi tun Juma'a da hantsi."

Ban taɓa ɗaga wa Habuba murya ba tun da aka haife ni. Ranar na yi. Na tashi zaune har ɗinkin ya ja ni, na ce ta kashe ni, na ce yanzu za a yanke mini nono gaba ɗaya saboda ita, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta tsaya tana kallona, ba ta san laifinta ba. Sai maigidana ya durƙusa gabanta ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har da kalmar da yake gudu. Ya ce naman nonon ne za a kai Madani a duba, in babu shi likita ba zai san ko ciwon ya fita duka ba, kuma in bai sani ba, ba zai yarda ya bar sauran ba.

Habuba ta juya kansa. "To mi ya hana ka faɗi? Baki ka maka ciwo? Ka iya aurenta, ka iya haihuwa da ita, sunan nono ne kaɗai ya fi ƙarfinka?"

Inna ce ta yi wa mahaifiyarta tambayar da ta kamata. "Inna, kin buɗe robar?"

Habuba ta kalli yatsunta, waɗanda sanyin ƙashi ya tanƙware tun shekarun baya. Ta ce ta so ta buɗe. Ta so ta zubar da ruwan nan mai yajin ido, ta wanke naman da ruwa mai tsabta kamar yadda ya dace. Ta yi ta fama da filastar ta ƙi ɓantaruwa. Ta ɗauko wuƙa, sai ta ji tsoron kada hannunta ya kuɓuce ta soki abin da ke ciki. Kiran wani ya taya ta kuwa ba ta yi ba, don sirrin mace ne. Da ta gaji sai ta wanke bayan robobin, ta naɗe su a farin ƙyalle, ta yi bismillah.

Inna ta ce, "A ina?"

"Gindin lemo. Kusa da ta yarinya."

A nan ta binne mabiyiyar 'yata shekara uku da suka wuce, a bayan ɗaki, inda rana ba ta sauka. Duk muka tafi, ni Inna tana riƙe da ni. Maigidana ya ajiye fartanya ya tona da hannu, Habuba tana tsaye a kansa tana cewa, "Yi dama, wawa, kada ka ta da ta yarinya." Ya yi zurfin kamu biyu kafin farin ƙyallen ya bayyana. Da ya warware, robobin suna nan yadda aka ba shi, ruwan bai ragu ba, sunana bai goge ba duk da ta yayyafa wa ramin ruwa. Sai daga baya Inna ta gaya mini cewa ƙyallen daga likkafanin Habuba ne, wanda ta daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati. Ta yanki kamu guda daga nata ta ba ni.

Maigidana ya goge ƙasar ya kama motar Madani. Mai karɓa a ma'amal ya tambaye shi ko naman ya taɓa fita daga ruwan, ya ce a'a. Ya tambaya ko an bar shi a zafi, ya ce a'a, wuri mai sanyi ƙwarai aka ajiye shi, bai ƙara komai ba. Mutumin ya rubuta ranar da aka yi aikin, ya ce wasu gwaje-gwajen suna raunana in nama ya daɗe cikin ruwan, amma za su gani. Wannan "za su gani" ɗin ita na kwana da ita na tashi da ita kusan sati uku.

A kwanakin nan ban yi wa Habuba magana ba. Takan kawo kunu ta ajiye kusa da angarib ta koma. Ta daina zama cikinmu in ana shan jabana, gahawarmu, sai ta ɗauki ɗan kofinta ta koma gindin lemo. Ramin ba ta cike shi ba, tasa ta kifa a kai. Na san ba da mugunta ta yi ba, na san laifin ba nata ne ita kaɗai ba, amma tsoro ya cika ni har babu wurin da zan sa tausayin wani.

Natija, wato sakamakon gwajin, ta fito a takarda biyu, da Turanci. Na gama sakandare, ina karanta Turanci daidai gwargwado, amma wannan wani Turanci ne daban. Sunan ciwon na gane, da wasu lambobi. Na fara sa kalmomin a waya ɗaya bayan ɗaya, hotunan da suka fito suka sa na kifa wayar. Na ninke takardar na sa a ƙarƙashin matashi, na jira ranar ganin likitar masu wannan ciwon a Madani.

Ranar tafiya muka tarar da Habuba a ƙofar gida ta riga mu shiri. Inna ta ce hanya da nisa, ta zauna. Habuba ta ce, "Ni na yi ɓarnar, ni ka zuwa in ji hukunci."

Likitar mace ce, ta manyanta, gilashinta rataye da igiya. Da Larabci take magana, Larabcin Habuba kuwa na kasuwa ne, don haka ni nake juya mata. Kafin likitar ta buɗe baki na ce, "Diktora, naman bai lalace ba?" Ta ce me zai lalata shi? Maigidana ya ba ta labari yana kallon ƙasa. Ta yi dariya har ta cire gilashi, sannan ta daina dariyar ta ce ba mu ne na farko ba, kuma ta san waɗanda nasu bai dawo ba. Ta duba takardar ta ce an karanta komai, babu gwajin da ya ƙi fita.

"Mi tac ce?"

Maganar farko ke nan da na yi wa Habuba cikin sati uku. "Ta ce bai lalace ba."

Ta ce, "To dama. Gindin lemo ya fi saman dolab ɗinku sanyi."

Likitar ta juya takardar ta zana da'ira a bayanta, da ɗigo a tsakiya. Ta ce tambaya huɗu ake yi wa nama. Ta farko, ina bakinsa? Ana shafa wa gefen abin da aka yanko tawada, a duba ko ciwon ya taɓa tawadar. Ta ɗora yatsa a kan wani layi ta ce nawa bai taɓa ba ta kowane gefe.

Na ce, "Wato ba za a koma ba?"

"Ba za a koma ba."

Na sa ta sake faɗa. Sai na yi kukan da ban yi a Sinnar ba. Habuba tana ja mini mayafi tana tambaya, na rasa yadda zan ce, sai na ce mata kamar ƙuduji ne a gonar dawa, an tumɓuke shi da saiwarsa har da ƙasar kewaye. Ta gane nan take.

Tambaya ta biyu ba ta yi daɗi haka ba. A cikin kaluluwar da aka ɗebo daga hammata, ɗaya an sami ciwon a ciki, sauran babu. Likitar ta ce kaluluwa kamar ƙofofin ƙananan hanyoyin ruwa ne a gona, abin da ya bar nono nan yake fara tsayawa. Tun da ya isa ƙofa ɗaya, ba za a rantse cewa ko ƙwaya ba ta wuce ba. Ta uku ita ce girman ƙullutun da saurin tsirarsa: nawa bai kai ƙwan kurciya ba, saurinsa tsaka-tsaki. Ta huɗu, me yake ci ya girma? Ta ce nawa yana rayuwa ne da sinadarin da jikin mace ke yi da kansa, kuma wannan labari ne mai kyau, don akwai ƙwayar da ke toshe masa baki. Akwai wani gwajin kuma da in ya nuna, sai an yi wata allura ta musamman tsawon shekara. Nawa bai nuna ba.

Daga nan ta jera abin da ke gabana. Saboda kaluluwar nan ɗaya, da kuma ƙuruciyata, tana ba ni shawarar kimawi, maganin da ake ɗura wa a jijiya duk bayan 'yan makonni, ya bi jini ya nemo abin da ido bai gani ba. Ba ta ɓoye mini ba: zai sa ni amai, zai raunana ni, gashina zai zube ya sake tsirowa, yana kuma iya taɓa haihuwa. Bayansa sai gashi da na'ura a kan nonon, kullum ban da ranakun hutu, na wasu makonni, a nan Madani. Bayansa sai ƙwaya ɗaya kowace rana, shekara biyar ko fiye, kuma ba a ɗaukar ciki ana shan ta. Ta ce wasu matan da ke nesa sukan zaɓi a cire nonon duka don su guje wa zaman Madani, amma ni ko an cire, mai yiwuwa sai an yi gashin saboda hammatar, kuma barin nonon tare da gashi bai fi cirewa haɗari ba. Ta ce in je in yi tunani.

Na kalli maigidana. Ya ce, da murya a sarari, a gaban Habuba da likita, "Nononki ne. Abin da kika zaɓa shi za a yi. Gwaggona tana Madani, ɗaki ba zai gagara ba."

Habuba ta ce, "Ji shi, yau bakin ya warke."

Na ce ba sai na je tunani ba. An tono naman daga ƙasa don kada a yanke sauran nonon, ba zan miƙa shi da hannuna ba.

Da muka tashi Habuba ta ƙi motsawa. Ta ce in tambayi likita yaushe za a maido mata naman, ramin yana nan a buɗe. Likitar ta ce an daskarar da 'yan yanka-yanka a cikin kakin zuma irin nasu, za a ajiye su shekaru, don in wata rana an buƙaci sake tambayarsu. Na juya mata. Ba ta ji daɗi ba. Ta ce to in dai suna aiki ne, ta yarda, amma a gaya musu ajiya ce aka ba su. A mota ta yi barci kanta a kafaɗata ta hagu, ban janye ba. Ban iya ce mata ta yafe mini ba sai da muka wuce Sinnar, na faɗa a hankali ina zaton ba ta ji. Idonta a rufe ta ce, "Yi shiru, ke da kin ka fito da ƙafa gaba ranar haihuwarki ma ban riƙe ki ba."

Yanzu an ɗura mini kimawi sau uku. Ba zan ce da sauƙi ba. Kwana huɗu bayan kowanne ko warin miya ba na so, kuma akwai ranakun da tunanin kaluluwar nan ɗaya ke zuwa mini, in yi ta lissafin shekarun 'yata. Amma na san sunan abin da nake yaƙi da shi, na san abin da yake ci, na san abin da ke biye da wane. Kafin takardar nan tsoron ba shi da gefe. Yanzu yana da shi.

Gashina ya fara zuba sati biyu bayan ɗurin farko. Da safe ne, ina zaune a rakuba, na sa hannu a kai sai kitso guda ya biyo yatsuna. Habuba ta zo ta zauna a bayana kamar da, ta tsefe sauran a hankali, tana tarawa a cinyarta. Da ta gama ta dunƙule shi, ta naɗe a ɗan ƙyalle, ta miƙe ta nufi bayan ɗaki. Ta yi taku uku ta tsaya, ta juyo.

"Ke, tsaya tukuna. Wanga ma likita na son shi?"

Na yi dariya har ɗinkin ya ja ni. Na ce a'a, Habuba, wannan naki ne. Duk da haka ba ta tafi ba sai da ta leƙa ta kira maigidana daga ƙofar gida, ta nuna masa, ta ce ya buɗe baki ya faɗa in akwai magana. Ya ce babu. Sannan ta ɗaga tasar da ta kifa a gindin lemo, ta sa ƙunshin a ramin, ta mai da ƙasa.